Makarantar ƙwallon unguwa a Garwa: tana riƙe ɗan shekara 12, tana sakin ɗan 16

Makarantar ba ta da gini. Filin wata firamare ne ake ara mata da yamma: jar ƙasa mai tsakuwa, bishiyoyin dogon yaro a gefe ɗaya, sandunan gola na ƙarfe ba raga. Koci ɗaya, mataimaki ɗaya, buhun ƙwallaye, usur, da tsofaffin gorunan roba da aka cika da yashi don shata iyaka. Ba za mu kama suna ba, domin abin da ke cikinta, mai kyau da marar kyau, shi ne a cikin 'yan'uwanta a unguwannin Garwa, a arewacin Kamaru, daga Yelwa har Jambutu. Ana biyan sefa 5,000 na rajista, sannan 2,000 kowane wata. Atisaye ranar Laraba da Juma'a bayan la'asar, sai Asabar da sassafe. Takalmi da gajeren wando na iyaye ne.

A Garwa ba sai an roƙi yaro ya so ƙwallo ba. Nan ne gidan Coton Sport, ƙungiyar da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, ta faɗi a hannun Al Ahly ta Masar. Daga ita Vincent Aboubakar ya tafi Faransa a 2010, shi ne kuma ya ci ƙwallon da ta ba Kamaru kofin Afirka a 2017. Yaran da suke atisaye yau sun ga Najeriya da Masar sun kara a filin Roumdé Adjia a farkon 2022, wasu da idonsu. Shigowa ba ta da wuya. Wuyar ita ce zama, kuma da wannan ma'auni muka auna makarantar: yaron da aka kawo yana ɗan 11, zai kai 17 jikinsa yana motsi, ko kuwa zai koma bakin shagon cajin waya ya zauna?

Tambayar ba ta Garwa kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so yaro daga shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsa jiki a kullum, irin wanda numfashi ke ɗaguwa, da kwana uku a mako na abin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi. Binciken da hukumar ta fitar a 2019, kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146, ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa kai wannan, kashi 85 a 'yan mata, 78 a maza. Kwana uku na makarantar ƙwallo ba za su cike mako ba, amma su ne ke sa yaro ya ɗauki ƙwallo a sauran kwana huɗun ba wanda ya aike shi.

A rukunin ƙanana, 'yan 10 zuwa 13, makarantar ta cancanci kuɗinta har da ƙari, kuma dalilin lissafi ne. Koci ba ya raba su sha ɗaya-sha ɗaya. Yana yanka filin gida huɗu, kowane kamar mita 30 a 20, ya sa huɗu da huɗu, minti biyar-biyar, a juya. Ƙwallo ɗaya tsakanin yara 22 cikin awa guda, ko da ba ta taɓa fita waje ba, rabon kowa bai kai minti uku ba, kuma masu ƙarfi ne za su cinye rabon raunana. Tsakanin yara takwas kuwa rabon ya haura minti bakwai, ba kuma inda mai kunya zai ɓuya. Ƙwallo za ta zo masa ko yana so ko ba ya so. Yaron da ya taɓa ƙwallo sau da yawa yana komawa gida da labarin da zai ba ƙannensa. Wanda ya yi yammaci yana bin ƙurar wasu, ranar Juma'a sai ka ji kansa na ciwo.

Abu na biyu littafi ne mai bangon kwali da mataimakin koci ke riƙewa. Farkon kowane wata ana ƙirga wa yaro sau nawa zai ɗaga ƙwallo da ƙafa ba ta faɗi ba, dama daban, hagu daban, da sau nawa cikin goma zai samu gorar yashi daga taku goma sha biyu. A rubuta gaban sunansa. Ba a karanta na wani a gaban wani. Wanda ya yi 7 a watan Oktoba ya yi 19 a Disamba, ya ga abin a rubuce, ba ya bukatar wa'azi kan amfanin motsa jiki. Masana halayyar ɗan Adam biyu na Amurka, Edward Deci da Richard Ryan, sun daɗe da bayyana cewa abubuwa uku ne ke sa mutum ya dawwama kan aiki don kansa: ya ji yana ƙara iyawa, ya ji yana da ta cewa, ya ji yana cikin mutanensa. Littafin nan ya ɗauke na farko, kuma kuɗinsa bai kai na buredi biyu ba.

Na ukun kuwa unguwa ce ta ba su kyauta. Yaran tare suke zuwa, su bi gida-gida suna kiran juna, a ƙafa, su koma tare kafin kiran magariba. Wanda ya yi fashi, abokai ne za su tsaya a ƙofar gida: "Umma, ina wuni, wane yana ciki? Koci na cigiyarsa." Wannan sallamar ta fi duk wani tsari da koci zai zauna ya ƙirƙira. Shi ya sa shawararmu ga iyaye ita ce kada a tsallake makarantar da ke kusa a kai yaro wata mai suna a wancan gefen gari. Kuɗin ɗan acaɓa zuwa da dawowa sau uku a mako zai ninka kuɗin watan, kuma ranar da babu shi, babu abokin da zai zo ƙofar gida.

Ta cewar yaro ita ce ba ta samu wuri sosai ba. Ranar Asabar kawai, rabin awa na ƙarshe, ake barin su su zaɓi ƙungiya su yi wa kansu alƙalanci, kuma kowa ya tsaya ya kalla zai ga a nan ne suka fi gudu. Da koci zai ƙara musu irin wannan ranar Laraba, ba abin da zai rasa.

Maganar ƙwallaye. Buhun yana da guda tara ko goma, amma kusan duka lamba 5 ce, ta manya, mai nauyin giram 410 zuwa 450, kewayenta santimita 68 zuwa 70. Ɗan shekara 10 ko 11 lamba 4 ce tasa, giram 350 zuwa 390. Bambancin a hannu ba ya da yawa, a ƙafar yaro kuwa yana da yawa: ba zai iya ɗaga ta manya da bayan ƙafa ba, sai ya koma tsikarinta da babban yatsa, ya saba da haka, farce ya mutu. Ga kuma iska. Ana bunƙara su da famfon keke har sai sun zama kamar dutse, alhali ƙa'ida tsakanin 0.6 ne da 1.1 a ma'aunin iska, kuma a kan jar ƙasa mai tauri ƙasa-ƙasa ya fi. In babu ma'auni, a sake ta daga daidai kai, ta dawo kusan ƙugu. In ta kai ƙirji an cika. Buhun da aka bari a rana iskar ciki za ta buɗe, ɗinki ya saki. A jiƙa allurar famfo kafin a soka, domin busasshiyar allura ce ke yaga bakin robar ciki, ƙwallo ta riƙa sacewa cikin dare. Sauran aikin tsidau ne da ke gefen filin, wanda sharar minti goma kafin atisaye za ta rage. Koci ya yi daidai da ba ya sa ƙanana buga ƙwallo da kai a atisaye. Hukumar ƙwallon Ingila ma tun 2020 ta hana hakan ga yaran firamare.

Takalmi a gurguje: mai dogayen ƙusoshi na ciyawa ne. A wannan fili ƙusar ba ta nutsewa, tafin ƙafa ke shan matsi, idon sawu ya gurɗe. A nemi mai ƙananan ƙurajen roba da yawa a ƙasa, ko da na gwanjo ne, a bar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Kada a sayi mai tsada wa ɗan 13, ƙafarsa ba ta tsaya ba.

Daga 14 zuwa sama makarantar ta zama wata aba daban, kuma a nan ne yaran ke zubewa. Rukunin manya ba wurin wasa ba ne, wurin tankaɗe ne. Koci yana neman yara sha takwas da zai shiga da su gasannin hutu na Yuli da Agusta, yana fatan wani mai ido daga babbar ƙungiya ya ga ɗaya. Ba laifi ba ne, a nan sunansa yake. Amma sauran ashirin da wani abu da suke biyan 2,000 ɗin nan daidai da kowa sun koma 'yan cike gurbi. Ƙananan filaye sun ɓace, an koma sha ɗaya-sha ɗaya, waɗanda ba a zaɓa ba suna zaune a gindin dogon yaro. In an zo koyon harbi, layi ɗaya ake yi: yara 20, kowa daƙiƙa 15, wato bugu ɗaya a minti biyar. Saurayi ɗan 15 ba wawa ba ne. Ya san an gama da shi tun kafin a faɗa masa, kuma ba zai zo ya yi sallama ba, ganinsa kawai za a daina.

Abin takaicin, zaɓen yana faɗowa daidai lokacin da jiki ke yaudara. Namiji yakan yi tsiron tsawonsa wajen shekara 13 zuwa 14, wani ya riga, wani ya makara da shekara biyu, kuma a shekarar da abin ya yi ƙarfi yakan ƙara santimita takwas zuwa goma. Ƙashi ke fara tsawo, tsoka da jijiya su biyo baya a ɗaure. Yaron da bara ƙwallo ke manne da ƙafarsa, bana sai ka ga yana harɗewa kamar ɗan maraƙi. Ba iyawa ce ta gudu ba, ƙafafun ne sababbi, cikin watanni za ta dawo. Wanda ya riga girma kuwa yana ture kowa, a ɗauka gwani ne, alhali ƙato ne kawai; nan da shekara uku tsara za su kamo shi. Koci da ya zaɓa da ido a wannan shekara, tsawo ya zaɓa. Da littafin nan mai bangon kwali ya haura da yaran zuwa rukunin manya, a ƙara masa layin tsawo duk wata uku a jikin bango da alli, da an san wane ne ke cikin tsiro an yi masa haƙuri. Amma littafin a rukunin ƙanana yake tsayawa.

Tare da tsiron akwai ciwo iri biyu da ya kamata kowane uba ya sani. Na farko ɗan tudun ƙashi ne a saman ƙwauri, ƙasa da ƙoƙon gwiwa, inda jijiyar cinya ta kama; yana kumbura, yana zafi in an danna ko an durƙusa, har wani yaron ya kasa sujada da kyau. Likitoci suna ce masa Osgood-Schlatter. Na biyu a dunduniya yake, yakan zo da wuri, wajen 9 zuwa 13, kuma ƙasa mai tauri na ƙara shi. Duka biyun wurin girman ƙashi ne da jan jijiya ya dame shi, kuma suna wucewa in girma ya tsaya. Maganinsu rage tsalle da gudun tsere na wasu makonni, miƙa tsokar cinya da ta sha-raɓa a hankali, daƙiƙa 30 sau uku, da sanya abu mai sanyi bayan wasa. Ba karaya ba ce, bai kamata a kai wa maɗori ya murza ba. In gwiwar duka ta kumbura, ko yaro na ɗingishi ko ba wasa, ko ciwon na tashinsa da dare, wannan na asibiti ne. A makarantar nan amsar "Koci, gwiwata" ita ce "kai dai rago ne". Yaro ya daure mako biyu, ya ga ba dama, ya tafi ke nan.

Ɗumama jikin ma zagaye uku ne na fili sai a hura usur. Akwai tsarin FIFA mai suna 11+, kyauta ne, na 'yan 14 zuwa sama: minti 20, takwas na gudu a hankali da juye-juye, goma na ƙarfafa ciki da bayan cinya da tsayuwa kan ƙafa ɗaya da koyon dira, biyu na gudu da sauri. A gwajin da aka yi a Norway ya rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ba ya bukatar komai sai gorunan yashin da suke da su.

Wani abu da muke ƙi ƙwarai: horo da gudu. Wanda ya makara, zagaye biyar. Wanda ya ɓarar da ƙwallo, tsallen kwaɗo. Ana koya wa yaro cewa gudu azaba ce, sannan a yi mamakin ranar da ya samu 'yancin kansa bai sake gudu ba. Mafi yawan masu makarar nan ma ba shiririta ce ta riƙe su ba. Wani daga Islamiyya yake, wani maigidansa a gareji ko shagon ɗinki bai sallame shi ba, wani yana ajin jarrabawar sakandare ta BEPC ko Probatoire ana musu darasin yamma. Makarantar ba ta da wani tsari na rabin zuwa. Ko kwana uku ko a cire sunanka. Da za a buɗe Asabar kaɗai a rabin kuɗi ga masu jarrabawa da masu koyon sana'a, wasa zalla, kowa ya buga, da yawancin waɗanda suka tafi suna nan. Su ma suna da riba a ciki, tunda wasannin motsa jiki suna cikin abin da ake ba maki a jarrabawar.

Sai zancen shekaru, wanda kowa ya sani ba mai son faɗa. In an je gasa a rukunin 'yan ƙasa da 15 aka tarar da mai gemu a ɗaya ɓangaren, ɗan 14 na gaskiya ya sha duka ya dawo yana ganin shi ne bai iya ba. A ƙarshen 2022, da hukumar ƙwallon Kamaru ƙarƙashin Samuel Eto'o ta sa aka yi wa 'yan ƙasa da 17 hoton wuyan hannu don tantance shekarunsu, 21 cikin 30 ba su tsallake ba. Kocin nan, a yaba masa, yana karɓar takardar haihuwa wajen rajista kuma ba ya gyara ta. Yana kuma faɗa wa iyaye gaskiya kan masu zuwa da jaka suna alkawarin Turai: dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan togaciya kaɗan, don haka duk wanda ya ce a sayar da fili a ba shi kuɗin tafiyar ɗan 15, ɗan damfara ne. Sai dai shi kansa kocin da mafarkin Turan yake jan yaran, kullum Aboubakar, kullum Eto'o. Wanda don Turai kawai yake gudu, ranar da ya gane ba za shi ba, ya ajiye takalmi. Wanda yake gudu don daɗin abin da abokansa, shi ne za ka tarar yana ɗan 35 yana buga wasan safiyar Lahadi.

Zafin Garwa ba abin wasa ba ne, a Maris da Afrilu yana haura digiri 40. A waɗannan watanni makarantar tana jan atisaye zuwa ƙarfe biyar saura, wanda daidai ne, amma jarka ɗaya ce mai lita 20 ga yara fiye da arba'in, kofi ɗaya, kuma sai an tashi ake sha. Rabin lita ga kowa, alhali saurayi na iya zubar da gumin lita guda cikin awa. Kowane yaro ya zo da gorarsa ta lita ɗaya da rabi, a tsaya a sha duk minti 15 zuwa 20. Uwa za ta iya ganewa daga gida: in ya ce fitsarinsa ya yi ja kamar shayi, ruwa bai ishe shi ba. Wanda ya fara jiri ko amai a fitar da shi inuwa. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi a kwarara masa ruwa a jiki duka, a yi masa fifita, a nufi asibiti ba jira. Da azumi makarantar tana rufewa ɗungurungum, kuma bayan salla ba duka ke dawowa ba. Wasa marar nauyi na rabin awa dab da shan ruwa zai riƙe zaren.

'Yan mata babu su ko ɗaya, kuma ba wai an hana ba ne, ba a tanadi komai ba ne: ba mace mai horarwa, ba wurin sauya kaya, ba katanga, ga samari a kan babura suna kallo. Ba uban da zai kawo 'yarsa 'yar 13 nan, kuma yana da gaskiya. Su ne kuma suka fi daina motsi da wuri, daidai lokacin da jiki ya fara sauyawa da aikin gida ya ƙaru. Sutura ba ita ce matsalar ba, dokokin ƙwallo sun amince da rufe kai tun 2014. Gaëlle Enganamouit, gwarzuwar Afirka ta 2015, ta buɗe makarantar ƙwallon 'yan mata a Yawunde, amma Yawunde da nisa. Abin da zai yi aiki a nan tsakar makaranta ce mai katanga, malama mace, awa ɗaya da safiyar Asabar, ƙwallon hannu ko igiyar tsalle, ƙawaye su zo tare. Wannan makarantar ba ta da shi.

Ga mai ɗa ɗan 10 zuwa 13 da ke iya zuwa a ƙafa, a kai shi, a haɗa masa gora da takalmi mai ƙurajen roba, in da hali iyaye biyar su haɗa kuɗi su sayi lamba 4 guda biyu su ba koci. Ga mai ɗan 14 zuwa sama, kafin a biya a je ranar Laraba a tsaya daga nesa, a zaɓi yaro ɗaya da ba ya cikin gwanaye, a duba agogo a ga minti nawa ya yi yana motsi cikin awa ɗaya da rabi. Sannan a ja koci gefe a tambaye shi: "Malam, wanda ba ka zaɓa zuwa gasar hutu ba, me yake yi a nan daga Yuli zuwa Satumba?" In amsar ita ce yana kallo yana koyo, 2,000 ɗin ta fi amfani a sayi ƙwallo da famfo a ba shi da abokansa bakwai.